Gyaran gidan haya a Kano alhali ina Jidda: ina neman shawararku

Bakano a Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Shekara 11 ke nan ina aiki a Jidda. Ɗan abin da na tara na sayi wani tsohon gida a Na'ibawa, ciki da falo guda 4, kowanne da banɗakinsa, da niyyar in gyara in zuba 'yan haya, ranar da na dawo gida in sami abin dogaro. Ginin da ƙwarinsa. Kwano ne ya tsufa yana yoyo, silin ya ruɓe, wayarin ɗin na zamanin da ne, sokawe ya cika ya tsage, bangon baya kuma yana jan sanyi daga ƙasa har filasta tana zubowa kamar gari.

Na damƙa aikin a hannun ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun yi lissafi a waya, ya ce wata 3 an gama. Yau wata 9. Kuɗin da na tura sun kusa ninka abin da muka tsara. Hotunan da yake turo mini masu kyau ne, an yi fenti, an sa tayil, an sa sabon get. Sai makon jiya wani abokina da ya je hutu ya leƙa gidan, ya ce mini ruwan farko ya ɓata silin na ɗaki biyu, sokawe kuma ba a taɓa shi ba, sabon murfi kawai aka ɗora masa.

Ban ce ƙanena ya ci kuɗina ba, Allah ya sani ba ni da hujja. Amma barci ya ƙaurace mini. Mahaifiyarmu tana raye, ba na son maganar da za ta ɓata mata rai. Ku da kuka taɓa yin gini ko gyara kuna nesa, yaya kuka yi? Kuma ta ina zan kamo wannan aiki yanzu ba tare da na yanke zumunci ba?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Alhaji, dakatar da tura kuɗi tukuna, ko kwabo. Sauran magana ta biyo baya.

Injiniyan Gini:
Allah ya sauwaƙe, Alhaji. Kafin a zo maganar ƙanenka, ka lura da abu guda a labarinka: an yi aikin a juye. Fenti da tayil da get su ne na ƙarshe a gyaran tsohon gida, amma su ne suka fi kyau a hoto, shi ya sa duk wanda ke aiki wa mutumin da ke nesa hannunsa ke fara kai wa gare su, ko da ba mugunta a ransa. Yana so ka ga an yi wani abu.

Tsarin da ya kamata shi ne a fara da rufi, domin muddin sama tana zuba duk abin da aka yi a ƙasa asara ne. Sai a bi ruwan ƙasa: sokawe, kwata, gangaren tsakar gida. Sai bututun ruwa da wayarin, tun bango yana buɗe. Bayan an gwada su an ga ba inda ke tsiyaya, sannan filasta, silin, tayil, fenti.

Inda mai nesa ke shan kashi shi ne abin da ake rufewa. Bututu yana shiga bango, waya tana shiga bututu, rodi yana shiga kankare, katako yana ɓuya a bayan silin. Da zarar an rufe, ko ni da nake wannan sana'a sai na fasa zan san abin da ke ciki. Saboda haka idonka ya fi amfani a ranar da za a rufe, ba bayan an rufe ba. Kafin falamba ya toshe bango, a cika tanki a buɗe ruwa ya kwana a cikin bututun, da safe a zagaya da waya kana kallo. Kafin a buga silin, a hau da waya a nuna maka katakon, an shafa masa maganin gara ko ba a shafa ba. Kafin a ja waya, a nuna maka lambar kauri da ke rubuce a jikinta: fitilu 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. A yanke guntun wayar a kankare shi, a ga jan ƙarfe ne har ciki ko shafe aka yi.

Sannan tambaya: rufin naka mai farafet ne, wato bango ya zagaye kwanon ya ɓoye shi? In haka ne, ba lallai kwanon ne ke yoyo ba. A yawancin gidajen Kano masu irin wannan rufi, kwatar da ke ɓoye a bayan farafet ce ke toshewa da leda da ƙurar hunturu, ruwan Agusta ya taru ya koma ciki. Kuma ina so in san nisan sokawen da bangon bayan da ke jan sanyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Bakano a Jidda:
Injiniya, mai farafet ne kuwa. Sokawen kuma a jikin bangon bayan yake, bai fi taku biyu ba.

Injiniyan Gini:
To ka ga. Kada a sake shafa ko cokali ɗaya na siminti a bangon nan sai an kwashe sokawen an duba cikinsa.

Hajiyar Mancesta:
Ɗan'uwa, ni na sha irin wannan har sau biyu kafin na gane inda gizo ke saƙa. Ina da gidan haya a Kaduna, na gyara shi ina nan Ingila, ban taka Najeriya ba sai da aka gama.

Kuskurena na farko shi ne hannu ɗaya na ba komai. Shi ke karɓar kuɗi, shi ke sayen kaya, shi ke sallamar ma'aikata, shi kuma ke ba ni labarin yadda aiki ke tafiya. Ko waliyyi ka ɗora a kan wannan kujera ka zalunce shi, domin ranar da ya yi kuskure ba wanda zai gani balle a gyara, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Da na raba aikin uku sai na sami lafiya. Kuɗin kaya ba sa bi ta hannun kowa: mai aiki ya rubuto abin da yake so, in kira shago biyu ko uku in ji farashi, in tura wa mai shagon kai tsaye ta banki, shi ya kai kayan da rasit. Kai da kake Kano ma abin ya fi maka sauƙi, Ƙofar Ruwa tana nan, rodi, bututu, kwano, duk za ka samu, kuma 'yan kasuwar sun saba ciniki a waya. Na biyu, mai aiki, shi kuɗin hannunsa kawai yake karɓa, mataki mataki. Na uku, mai dubawa, wanda ba ya saye ba ya sayarwa, ba kuma abokin mai aikin ba ne. Ni wani malamin kwalejin fasaha na samu, yana zuwa sau biyu a mako ina biyansa. Kuɗin da na ba shi gaba ɗaya bai kai na tayil ɗin falo ɗaya ba.

Duka na zuba su a guruf ɗaya na WhatsApp, har da yayana. Duk rasit, duk hoto, duk kuɗin da na tura, a nan ake sawa kowa ya gani. Ba wanda ke yi mini maganar aiki a gefe.

Hoto kuwa na daina karɓa. Hoto yana nuna abin da mai ɗauka ya ga dama ne. Kiran bidiyo nake yi, kuma ba na faɗin lokaci. In ce fara daga bakin titi ka shigo, juya hagu, ɗaga sama, buɗe famfon can, zuba bokitin ruwa a banɗaki mu ga inda zai gangara. Ranar da na sa aka zuba ruwan nan, maimakon ya nufi rariya sai ya nufo ƙofar ɗaki. A ranar aka ɓalle tayil ɗin, da kuɗin mai tayil, domin ban gama biyansa ba. Kai awa 2 ne kawai tsakaninka da Kano, in ka tashi aiki da la'asar su suna tsakiyar aiki. Ka fi ni sa'a.

Ƙanin Wani:
Ina karanta ku raina yana ɓaci, ku yi haƙuri. Kowa ya zo sai ya kawo labarin ɗan'uwan da ya ci amana. Ni ne irin ƙanen da ake magana a kai, bari ku ji namu ɓangaren.

Yayana yana Amurka. Na tsaya masa a kan gyaran gida wata da watanni. Ina da shagona, kullum sai na rufe shi na tafi wurin aiki, domin in ban je ba lebura ba ya motsi. Lokacin nan aka cire tallafin mai, ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwana biyu. Man babur ɗina, katin wayata, abincin da nake saya wa ma'aikata in kuɗi sun makara, duk daga aljihuna. Bai taɓa tambayata da me nake zuwa ba. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce Yaya biya ni ba, ai sai a ce ɗan'uwanka ma sai ka yi masa jinga.

Ga farashi. Ya turo kuɗin siminti da lissafin watan da ya wuce, kafin in je kasuwa ya tashi. A farkon 2024 buhu ya haura 10,000, har sai da gwamnati ta kira masu kamfanonin siminti zama a Abuja. In na faɗa masa sai ya yi shiru a waya, irin shirun da ka san ana zarginka. Daga baya na daina faɗa, in kuɗi ba su kai ba sai in rage wani abu in cike wani. Na san kuskure ne. Amma rana ɗaya ban kai naira ɗaya gidana ba. Da aka gama, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne me ya sa ƙofar kicin ba irin wadda ya ce ba ce.

Alhaji na Jidda, kafin ka yanke hukunci, ka tambayi kanka: wata 9 ɗin nan, me ka ba ƙanenka na kansa?

Bakano a Jidda:
Wallahi maganarka ta dake ni. Ina yi masa aike da salla kamar yadda na saba, amma don aikin nan ban ware masa komai ba. Ban ma yi tunanin haka ba.

Direban Tirela:
Ƙanin Wani, ka yi gaskiya a naka. Amma akwai waɗanda da kuɗin gyaran suka yi aure. Mu ma muna da ido.

Ƙanin Wani:
Akwai su, ban musa ba. Amma wanda aka yanka wa haƙƙinsa a fili ya ci, shi ne ɓarawo. Wanda aka bari da yunwa a kan buhunan kuɗi, da shi da mai kuɗin duk suna da laifi.

Malamin Islamiyya:
Allah ya yi muku albarka. Abin da ya sa muke faɗawa cikin irin wannan shi ne muna ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa kamar rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi maganar, ba ga maƙiya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A fiƙihu ƙanenka wakili ne, wakili kuma amintacce ne: abin da ya lalace a hannunsa ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, ba a ɗora masa. Kuma ya halatta a yanka wa wakili lada, babu aibi ko kaɗan. Abin da bai halatta ba shi ne la'adar ɓoye, ya sayo kaya a kan kaza ya rubuta maka kaza, ko mai shago ya riƙa ba shi wani abu a bayan idonka. Ragin da aka yi masa a kasuwa naka ne, sai in ka yafe masa. Hanyar toshe wannan ƙofa ita ce ka buɗe masa ta halal.

Sannan masu tura kuɗi a makare, ku tuna hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Leburan da ya ɗauki kwanon kankare tun safe, da kuɗin yinin nan za a ɗora tukunya a gidansa. Ba ruwansa da cewa banki bai saki kuɗi ba.

Birkila Ɗan Kurna:
Ni shekara 20 da wani abu ina riƙe da cokali, na yi wa mutanen Saudiyya da na Turai aiki da yawa. Yallaɓai, bari in faɗa maka abin da ba a faɗa muku.

Aikin mutumin waje yana da wahalar riƙewa saboda tsaye-tsaye. A yi kwana 4 a tsaya mako 3 ana jiran kuɗi. Ni ina da yara 6 da ke bina, ba zan zaunar da su ba, sai in kai su wani aikin. Ranar da kuɗinka suka zo ina tsakiyar zuba wa wani dakin, wato rufin kankare, sai wakilinka ya ɗauko duk wanda ya samu a bakin titi. Ka ga hannu uku ya taɓa bango ɗaya, in ya tsage wa za ka kama? In ba ka da kuɗin gama mataki guda cif, kada ka fara shi. Tara su tukuna.

Kada ka yarda da aikin yini kana nesa, za a ja maka kwana. Jinga za ka yi: filastar ɗaki kaza, kuɗi kaza. Amma ita ma jinga tana da nata, mutum yana sauri ya gama ya karɓa, to a nan mai dubawar da Hajiya ta faɗa yake da amfani.

Wasu suna cewa a ajiye musu buhunan siminti da aka juye su ƙirga. Wannan ba ya kama kowa, buhun banza ana sayar da shi. In kana son sanin an sa siminti, bayan kwana biyu a ɗauki ƙusa a karta filastar kana kallo. In ta zubo kamar tuwon da bai nuna ba, yashi ne ya yi yawa ko ba a ba ta ruwa ba. Ban ruwan nan mutane suna raina shi, alhali shi ne rabin ƙarfin siminti. Safe da yamma, aƙalla mako guda, balle da hunturu ko bazara da iska ke shanye ruwan kafin ya kama. Yaro ɗaya za ka ware wa wannan, ka biya shi daban. Bulo ma haka, a ɗaga shi daidai ƙirji a saki. Na kirki zai iya ɓarewa a gefe ko ya rabe, na algus kuwa watsewa yake yi ya koma yashi.

Ni ba na jin haushin a duba aikina. Abin da ke ci mini rai shi ne mai gida ya ce yi mini da mai arha, in yi, bayan shekara ya ce birkila ya cuce shi. Araha ba ta ado.

Ɗan Kasuwar Wambai:
Ni fa ra'ayina daban. Duk wannan dabarun wahala ce. Gini ba ya son aike. Ka rufe gidan, ka tara kuɗinka, ka ɗauki hutun wata biyu ka zo ka tsaya da ƙafarka. Gani ya kori ji.

Hajiyar Mancesta:
Alhaji, ba kowa ke da hutun wata biyu ba, kuma tikiti kaɗai ya isa rufin ɗaki. Ga gidan da yake yoyo, in ka rufe shi ka bar wa damina, kafin ka zo katakon ya tafi. Kuma ko ya zo ya tsaya, in bai san gini ba a gaban idonsa za a sa masa kwano mai kaurin milimita 0.35 a ce 0.55 ne. Ni na tsaya a kan aikin farko da kaina mako biyu, a gabana aka yi ɓarnar, ina ta sannu da aiki.

Ɗan Kasuwar Wambai:
Duk da haka, ma'aikaci yana jin nauyin mai gida fiye da waya.

Injiniyan Gini:
Ku biyun kuna da gaskiya a wuri daban. In zai zo sau ɗaya ne, kada ya zo farkon aiki, kada ya zo bikin gamawa. Ya zo makon da za a rufe bututu da waya da silin. Sauran a yi da bidiyo.

Ƙari a kan biyan kuɗi: a kowane mataki ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin mai aiki, a rubuce tun farko, sai bayan wata 6 in ba abin da ya ɓaci ka sake masa. A manyan kwangiloli haka ake yi, ba wulaƙanci ba ne. Na kafinta mai rufi kuwa, wa'adinsa damina ce. Sai ruwan Agusta ya sauka a kai silin bai yi tabo ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ina Abijan, gidan da nake gyarawa yana Damagaram. Abin da ya koya mini hankali shi ne rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kaya da yawa daga wajenku suke shigo mana, sai ga shi na buɗe rufin ɗaki biyu, kaya sun yi tsada sun yi wuya, damina kuma tana kai. Tun daga nan ba na bari a cire ko kwano ɗaya sai na ga sabon a ajiye a cikin gida. Rodi, kwano, bututu, tayil, waɗannan ana iya saye a ajiye. Siminti ne ba ya son ajiya, in ya daɗe ko ya sha sanyi sai ya daskare, shi ana saye ne daidai aiki, a ɗora kan katako kada ya taɓa ƙasa.

Mabuɗin ɗakin kayan yana hannun tsohuwata. Ba ta karatun boko, amma buhu ba ya fita sai ta ƙirga, kuma ba magini da zai iya kallon idonta ya yi mata ƙarya.

Lauya Mai Zaman Kansa:
Kowa yana maganar siminti, ni bari in tambayi takarda. Alhaji, tsohon gida ka saya kana waje. Wa ya karɓi takardun, kuma sunan wa ke kai? Na ga shari'o'in da mutum ya kashe dukiya ya gyara gida, sai da ya yi kyau magada suka fito suka ce wanda ya sayar ba shi kaɗai ke da shi ba. In gidan gado ne, a nemi takardar rabon gado ta kotu ko sa hannun dukkan magada. In yana da shaidar mallaka ta gwamnati, a bincika a ma'aikatar ƙasa a tabbatar ba a jinginar da shi ba, kuma a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 sauya mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. Sa hannun mai unguwa da dillali yana da amfani, amma bai wadatar ba.

Sauya kwano da tayil wani abu ne, amma in za ka ƙara ɗaki, ko ka ɗora bene, ko ka fasa shaguna ta waje, sai ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, tukuna, kada a zo a shafa maka jan fenti.

In za ka rubuta wa wani takardar wakilci, ka ƙayyade ta: kula da gyara, karɓar haya, wa'adi kaza. Kalmar sayarwa ko jingina kada ta shiga ciki, ko da wanda ka ba ɗin ɗanka ne. Asalin takardun gida kuma kada su zauna a wurin mai kula da aiki.

Bakano a Jidda:
Barista, takardun da sunana suke, suna wurin kawunmu. Binciken ma'aikatar ƙasa ne ban yi ba, zan sa a yi.

Uwar Marayu:
Ni 'yar haya ce shekara da shekaru, bari in faɗi abin da mai gida ba ya gani. Kada ka kashe kuɗi a kan fitilun ado da silin mai zane. Abin da ke haɗa faɗa a gidan haya uku ne: wuta, ruwa, masai. Ka nema wa kowane ɓangare mitarsa ta kati daga kamfanin wuta na KEDCO, kowa ya sha abin da ya saya. Gidan da muke mita ɗaya ce, duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki a kan wa ke da firiza wa ke da dutsen guga. Tanki ya zama babba, famfo ya zama irin wanda in ya lalace za a samu kayansa a kowane shago. Ƙasan banɗaki a sa tayil mai kaushi, na ga tsohuwa ta zame ta karya ƙugu. Kuma ka bar wa mata wurin shanya da wurin girki a tsakar gida, kada ka cinye shi da ƙarin ɗaki. Wanda ya ji daɗin gida ba ya tashi, kuma yana biya a kan lokaci.

Direban Tirela:
A sa kyamara mai sola a tsakar gidan mana, yana kallo daga Jidda.

Birkila Ɗan Kurna:
Kyamara tana maganin mai fita da buhu da dare. Ba ta ganin yawan yashin da ke cikin kwaɓi.

Bakano a Jidda:
Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana 12, domin bai kamata ku ba ni lokacinku in yi shiru ba.

Na kira ƙanena. Ban fara da lissafi ba, na fara da ba shi haƙuri a kan wata 9 da ya yi yana zirga-zirga ban ware masa komai ba. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, ashe kuka yake. Shi ya fara kawo maganar da kansa. Kuɗin sokawe da wani ɓangare na kuɗin rufi ya taɓa su lokacin da Hajiyarmu ta kwanta asibiti, ta hana shi faɗa mini don kada hankalina ya tashi, ya yi niyyar mayarwa daga shagonsa bai samu ba. Sauran kuma tashin kaya ne da ya ji nauyin sanar da ni, da kafintan da ya karɓi kuɗi duka ya yi rabin aiki ya ɓace. Na ce masa ɓoyewar ce ta yi mini ciwo, kuɗin jinyar uwa ai nawa ne tun asali. Amma kuskuren biyan kafinta gaba ɗaya na faɗa masa kuskure ne, ya kuma amsa.

Yanzu ga yadda muka tsara, a rubuce, kawu ya sa hannu. Yana nan a kan aikin, da albashinsa duk wata da kuɗin mai. Kaya ni zan biya shago kai tsaye. Na sami mai dubawa, zai riƙa zuwa Talata da Asabar. An hau rufin da waya ina kallo, kwatar bayan farafet cike take da ƙasa da leda har ciyawa ta tsiro, kwano 7 ne kawai ke buƙatar canji. An kwashe sokawen jiya, bangonsa na ɓangaren gida a tsage yake tun daga sama har ƙasa, kamar yadda Injiniya ya yi zato. Za a haƙa sabo nesa da ginin a cike tsohon.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. An kankare filastar bangon bayan har kusan ƙugu. Birkila yana cewa a mayar da sabuwa jibi. In bari?

Injiniyan Gini:
A'a, kada a mayar. Bulon ya sha ruwa shekaru, ba zai bushe a kwana biyu ba, in aka rufe shi yanzu gishirin zai sake fitowa ta cikin sabon fenti. A ƙara kankarewa sama da inda sanyin ya tsaya da kamar taƙi biyu, a bar shi a buɗe, tagogi a buɗe, har damina ta ɗauke iskar hunturu ta buga shi. Kafin nan a gama rufi da sokawe da wayarin. In lokacin ya yi, a manna leda a jikin bangon da salatif ta kwana biyu, a ɗaga kana kallo. In cikinta ya yi gumi a ƙara jira, in a bushe take a kira birkila.